Awon Zuciya a Bakin Turmi

Kailu mai gyaran fanfo ne. Daga Filinge har Bankuku, duk ƙauyen da ke da fanfon ƙafa ko na hannu ya san ƙarar tsohon motonsa mai ƙafa biyu da jakar ƙarafa da ke ɗaure a bayansa. Ya bar lakwal, makarantar boko, tun yana aji huɗu, domin zaman benci bai karɓe shi ba, ya bi wani tsoho mai suna Ɗandije yana riƙe masa igiya, har ya gaji sana'ar. Mutane na cewa hannunsa na da kyau, bakinsa ne kawai ba shi da linzami.

Mutum ɗaya ce ke iya sa shi ya yi shiru, yayarsa Habsa, wadda ta goye shi bayan rasuwar uwarsu. Tana aure a Tungar Ango, da ƴaƴa huɗu, mijinta kuma yana ci-rani a Kwatano. Shekara biyu ke nan da ciwo ya kama ta. Idan ta fara daka, kafin ta raba turmi biyu sai ta jingine taɓarya ta zauna tana haki, leɓɓanta su yi toka, tari ya turnuƙe ta. Ƙafafunta su kumbura har takalmi ya ƙi shiga. An yi rubutu an sha, an yi turare, an je gidan likita an karɓo ƙwayoyin da ke sa fitsari, aka ce zuciya ce.

Wata Lahadi a kasuwar Filinge Kailu ya ji ana shela. Bayan sati uku likitocin zuciya za su zo daga Yamai, su sauka a wani ɗan asibiti da ke bakin gari, su yi kwana biyu suna awo. Za su zaɓi mutum goma sha biyu da za a yi wa aiki kyauta.

Kailu bai tsaya sayen komai ba, ya buga moto sai Tungar Ango. Ya tara matan gidan ya ba da doka: daga yau Yaya ba daka, ba rijiya, ba itace. Matan suka karɓa hannu bibbiyu, domin a ƙasarsu ta Kurfai ba a kai mutum gaban baƙi a wulaƙance. Suka raba aikinta tsakaninsu. Aka shimfiɗa mata tabarma a inuwa, aka hana ta ko ɗaukar buta. Kailu da kansa yake ƙirga mata ƙwayoyin safe da yamma. Da ranar ta matso aka yi mata kitso, aka sa mata lalle, aka fito da sabon zane daga akwati. Ya kawo ta Filinge a amalanken jaki, kwance bisa katifa, yana hana jakin sauri.

Da suka iso, ƙafafunta sun saɓe, idonta ya washe. Duk wanda ya gan ta sai ya ce, "Kai, Habsa, ai kin warke!" Kailu yana ta washe baki kamar mai ragon da ya fi kowane kyau a kasuwa.

Shugabar likitocin, Dokta Anisa, siririya ce mai tabarau, Hausarta da garɗin Zabarmanci. Ta tsaya ƙarƙashin bishiyar bedi ta yi wa jama'a bayani. Ta ce zuciya gida ce mai ɗaki huɗu, kuma akwai ƙyaure da ke buɗewa jini ya wuce, ya rufe kada ya koma baya. Ciwon maƙogwaro na yarinta, idan ba a yi maganinsa ba, shi ke cin ƙyauren nan sannu a hankali har ya fara yoyo. Idan an tare shi da wuri, ana ɗinke shi a sa masa zobe, mutum ya koma gonarsa. Idan an bari ya ƙandare, sai dai a cire a sa na ƙarfe, kuma mai na ƙarfe har ƙarshen ransa yana shan maganin tsinka jini, kowane wata sai ya je Yamai an auna jinin.

Kailu ya ce a ransa, ashe bawul ne. Irin robar nan da ke cikin fanfo, wadda idan ta ci sai ruwa ya riƙa zurarewa ƙasa. Ya kuma gane ɗaya maganar. Habsa da ƴaƴa huɗu da gonar hatsi ba za ta iya Yamai kowane wata ba. Ko dai a ɗinke nata bana, ko kuwa an gama magana.

Likitar ta nuna wata na'ura mai allo kamar faranti. Ta ce an nuna mata hotunan zuciya dubu bisa dubu, tare da abin da likitoci suka tarar bayan sun buɗe ƙirji, har ta koya. Yanzu idan aka ɗora abin awo bisa ƙirjin mutum, ita ke zana ƙyauren, ta nuna inda yake yoyo, ta faɗi ko zai ɗinku, har da girman zoben da za a sa. Wanda ta sa wa ja, aiki yanzu. Rawaya, ya jira. Kore, ya tafi gida.

A rana ta biyu da hantsi aka kira Habsa. Kailu ya tsaya bakin ƙofa. Aka kwantar da ita ta gefen hagu, aka shafa mata wani mai sanyi. A kan allo wani abu baƙi da fari ya bayyana yana motsi, tsakiyarsa ƴan fatu biyu na tafi kamar hannun jariri.

Likita ta ce, "Yaya, cikin satin nan kin yi haki?"

"Ko sau guda, alhamdu lillahi."

"Tari fa? Kumburi?"

"Babu. Lahiya lau nike."

Gaskiya ta faɗa. Majo Manzo, babban ma'aikacin asibitin, wani ƙato mai tumbi da biro uku a aljihu, ya rubuta. Na'urar ta yi ɗan tunaninta, sai gefen allon ya yi rawaya.

Dokta Anisa ta ce, "Akwai yoyo, amma matsakaici ne. Ta ci gaba da shan magani. Ku dawo baɗi."

Kailu ya shigo ba tare da an kira shi ba. "Baɗi? Likita, macen ga ko turmi guda ba ta iya gamawa!"

"Na'ura ta auna, ni ma na duba da idona. Wuri goma sha biyu gare mu, an cike tara, kuma akwai waɗanda ko zama ba su iyawa. Kala suru, ƙanena, sai haƙuri."

"In ta kai baɗi ƙyauren ya ƙandare fa? Ke kika faɗa jiya da bakinki."

"Yana yiwuwa. Amma ba zan buɗe ƙirjin mutum a kan abin da ban gani ba."

Majo Manzo ya miƙe. "Kai, samari, aji nawa ka yi?"

"Huɗu."

"To wagga likita shekara goma sha biyu ta yi tana karatu bayan bak, jarrabawar gama sakandare. Tahi ka gyara fanfonka, mutane na jira."

"Fanfon da kake sha a gidan ga ma ni na gyara shi, Majo. Ban tambaye ka ajinka ba kahin ka sha."

Mutanen da ke layi suka fashe da dariya. Majo ya kama shi a kafaɗa ya tura shi waje, ya rufe ƙofa.

Kailu ya je ya zauna gindin bedi yana huci. Habsa ta fito a hankali ta zauna gefensa, tana gyara sabon mayafinta. Can bakin ƙofar asibitin wata tsohuwa mai fura, Lami, tana ta daka, taɓarya na sauka tim, tim. Kusa da su kuma wata mata ta hau fanfon asibitin tana takawa. Kunnen Kailu, da ba ya hutu, ya bi ƙarar da kansa. Taki goma na farko lafiya. Wajen na talatin sai ya ji wani ɗan shuu a ƙasa, ruwa na komawa. Ya ce a ransa, wannan robar ta kusa.

Sai ya ji kamar an mare shi.

Akwai wani hali da mutanen ƙauye ke yi wanda ya fi komai ba shi haushi. Idan fanfo ya fara ciwo suka aika a kira shi, sai su sa masa kwaɗo su rufe, wai kada ya ƙara lalacewa kafin mai gyara ya zo. Kwana uku fanfo na kwance, roba ta huta ta koma mazauninta. Mai gyara ya zo ya taka sau biyar, ruwa ya zubo kamar sabo, ya ce ba komai, ya hau moto. Kafin ya kai gida fanfo ya mutu. Ɗandije ya sha faɗa masa, ba a shaidar bawul yana kwance, taka sau arba'in sannan ka kasa kunne. Shi kansa Kailu ya zagi masu gari fiye da goma a kan wannan kwaɗon. Ga shi yau shi ne ya sa wa yayarsa kwaɗo sati uku, har da lalle.

Ya tashi ya zagaya bayan ɗakin awo, inda taga take a buɗe. Likita na wanke hannu.

"Likita, tambaya guda, in tahi."

Majo ya ce, "Kai kuma?"

Dokta Anisa ta ɗaga masa hannu. "Faɗi."

"Zukatan nan dubu da anka nuna ma na'urarki, cikinsu akwai wadda ke daka lokacin da anka ɗauki hotonta?"

Ta dube shi ta saman tabarau. Ya kwashe labari ya faɗa mata, da tabarma, da ƙwayoyi, da katifa, da jakin da aka hana sauri. Bai rage laifinsa ba ko kaɗan.

Likitar ta ce, "Maganarka na kan hanya. Akwai awon da ake yi mutum na cikin aiki. Ana ɗora shi kan wani keke yana tuƙawa ana dubawa. Amma keken yana Yamai, layinsa wata uku ne, ni kuma da la'asar zan rufe takardar sunayen nan."

"To ki sa ta zagaye gidan ga da gudu."

"A'a. Ba zan sa mai ciwon zuciya gudu cikin rana ba. In ta faɗi, a wuyana take."

Ta ja labulen taga.

Da ya juyo, Habsa na tsaye bayansa. Ta ji komai.

Ta ce, "Auta, tahi ka aro mini turmin tsohuwar can."

"Yaya, kin ji abin da ta ce. In kika faɗi…"

"Sati uku kun shimfiɗe ni kamar kayan lefe, ina kallon matan mutane na daka ma ƴaƴana. Na yi shiru don kai. Yanzu kai ka yi shiru don ni. Tahi."

Bakin da ba shi da linzami ya rufe. Ya je wurin Lami. Tsohuwar ta ce, "Turmina? Da hatsin a ciki? Asibiti ya koma gidan suna?" Amma da ta ji dalili sai ta ɗauki taɓarya da kanta ta biyo shi. Kailu ya rungumo turmin ya dire shi daidai ƙofar ɗakin awo.

Habsa ta tuɓe takalmi. Ta cire mayafin ta miƙa masa, ta ƙara ɗaure zanenta a ƙugu, ta tofa a tafin hannu. Taɓarya ta tashi ta sauka.

Tim.

Ƙofar ta buɗe da ƙarfi. Majo ya fito. "Wane irin hauka ne wannan? Ku ɗauke abin ga! Nan asibiti ne!"

Habsa ba ta ko dube shi ba. "Asibitinku ne, Majo. Ƙirjina ne."

Kailu ya shiga tsakanin Majo da turmin, ya harɗe hannu. Ya fara ƙirgawa a ransa kamar yadda yake ƙirga takin fanfo. Goma. Ashirin. Layin marasa lafiya ya watse, kowa ya zagayo. Wata mata ta ce, "Daka, ɗiyar Kurfai!" Lami ta fara tafi tana bin saukar taɓarya.

A na talatin da biyar numfashin Habsa ya fara fita da ƙara. A na hamsin gumi ya jiƙe kitson nan sabo, taɓaryar ta daina kai inda take kaiwa. Kailu ya ga tokar nan da ya sani ta fara hawa leɓɓanta. Dokta Anisa ta fito ta tsaya bakin ƙofa, idonta kan wuyan Habsa inda jijiya ke harbawa.

Ta ce, "Ya isa."

Habsa ta ce, cikin haki, "Bai isa ba. A gida… nan nike… soma ji."

Sittin. Sittin da biyar. Tari ya taso mata, ta haɗiye, ta ƙara ɗaga taɓarya. A na saba'in da biyu gwiwoyinta suka lanƙwashe.

Likitar ta daka tsawa, "Majo, kunna na'ura! Minti ɗaya gare mu kafin zuciyar ta lafa. Kai, ɗauko ta!"

Kailu ya sunkuce ta. Bai taɓa ɗaukar ta ba a rayuwarsa, ita ce ta saba ɗaukarsa, kuma rashin nauyinta ya ba shi tsoro fiye da tarin. Ya shimfiɗe ta ta gefen hagu. Majo, da duk tumbinsa, ya riga kowa isa wurin, ya sa mata robar iska a hanci. Likita ta ɗora abin awon.

Hoton ba irin na ɗazu ba ne. Fatun nan biyu na bugawa da sauri, kuma duk bugu ɗaya sai wani harshe mai launi kamar wuta ya tsarto baya, ya cika rabin ɗakin zuciyar. Ko Kailu mai aji huɗu bai buƙaci a fassara masa ba. Ya sha jin wannan a ƙasan rijiya, yau ne ya fara ganinsa da ido.

Likita na ta juya hannunta tana ɗaukar hoto ta kowane gefe. Lambobi na hawa a gefen allo. Na'urar ta yi tunaninta, wannan karon ya fi tsawo. Sai ta zana ƙyauren shi kaɗai, babba, yana juyawa a hankali, ta sa alama a gefe ɗaya. Rawaya ta koma ja.

Dokta Anisa ta sauke numfashi. Ta jira har tarin Habsa ya lafa, launin leɓɓanta ya fara dawowa, sannan ta kira Kailu da yatsa.

"Zo ka gani, mai fanfo. Ƙyauren ganye biyu gare shi, kowanne da ƴan zaruruwa da ke riƙe shi. Na wannan gefen sun saki. Tana kwance, yana rufewa da kyar. Da ƙarfin jini ya ƙaru sai ya kife baya."

"Zai ɗinku?"

"Na'ura ta ce naman bai ƙandare ba tukuna, ni ma haka na gani. Za a ɗaure nan da nan, a sa zobe lamba ashirin da takwas. Sai an buɗe za a tabbatar, amma ina sa ran ba za a kai ga ƙarfe ba."

Sai ta juya kan Habsa, fuskarta a ɗaure. "Ke kuma, Yaya, kin san abin da kika yi? Da zuciyar nan ta tsaya a waje fa?"

Habsa ta janye robar daga hancinta. "Da ta tsaya gaban likita. A gida kullum nan nike kai ta, ba mai kallo sai awaki."

 Likitar ta jawo takardar sunayen, ta karɓi biro ɗaya daga aljihun Majo, ta rubuta a layi na goma: Habsa, Tungar Ango. Ta sa ranar tafiya Yamai, Talata ta sama.

Ta ce, "Majo, mutum nawa muka sa wa rawaya tun jiya?"

"Goma sha tara."

"Waɗanda ba su tafi ba, kira su. Kada ka tambaye su ko suna haki. Tambaye su kwana nawa aka yi ana hana su aiki." Ta dubi Kailu. "Kuma ba mai sake taɓa taɓaryar nan sai ina tsaye da agogo a hannu. Ka ji ni?"

"Na ji, likita."

Majo ya fita yana gunaguni. A bakin ƙofa ya tsaya, bai juyo ba, ya ce, "Fanfon nan namu ya soma wani shuu."

"Na ji shi tun ɗazu. Kada ku sa mishi kwaɗo, ina zuwa jibi."

A waje Lami na tsaye kan turminta, ta riƙe ƙugu. "To, an samu abin da ake so? Madalla. Ni kuma hatsina fa? An bar mini shi rabi da rabi, ga azahar ta yi, masu fura na jira. Wa zai ƙarasa?"

Kailu ya waiga. Matan duk sun zuba masa ido, wasu sun riga sun fara rufe baki da mayafi. Daga cikin ɗaki muryar Habsa ta fito, a shaƙe amma da ƙarfinta.

"Auta! Wanda ya aro shi ke maidawa."

Ya naɗe hannun riga ya ɗauki taɓaryar. Bugun farko ya sauka a gefe, hatsi ya watse a ƙasa, kajin asibiti suka rugo. Dariya ta ɓarke har da masu ciwon da aka hana dariya. Lami ta ce, "Wayyo hatsina! Gyara tsayuwa, ɗan nema, ba rijiya kake haƙa ba!"

Kailu ya gyara tsayuwa, ya sake ɗagawa. Takardar da likita ta ba Habsa na aljihunsa, da zanen ƙyauren da lamba ashirin da takwas a ƙasansa. Ya ce duk mai dariya ya yi ta yi, shi sai ya ga gari.